Hannun Direba a Ɗakin Anti Siminti

A ƙarshen barandar sashen gaggawa, in ka wuce ɗakin hoto ka karya hagu, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya wanda daɓensa ba ya rabuwa da farin ɗigo, komai ƙoƙarin masu shara. Kayan cikinsa ba su da yawa: gado mai shimfiɗar leda, kujeru biyu, famfo, wata tsohuwar roba shuɗiya da ake jiƙa bandeji a ciki, sai zarton lantarki da ke rataye a bango yana tsorata mutane tun kafin a kunna shi. Nan ake sa wa masu karaya siminti bayan likita ya daidaita ƙashi. Matar da ke riƙe da ɗakin ta shekara ashirin da uku a cikinsa, kuma tun daga maigadin ƙofa har babban likitan ƙashi, Anti Siminti kowa yake ce mata.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, da damtsen da zai ɗaga ƙafar ƙato ya riƙe ta minti goma bai yi rawa ba. Mahaifinta magini ne, ita ce kuma 'yar farinsa, don haka tun tana ƙarama ta san kwaɓi. Da yatsa ɗaya takan gane ko ya yi ruwa ko ya kusa kamawa. Ba da farar riga ta shiga asibitin ba, da tsintsiya da bokiti ta shiga, bayan haihuwarta ta biyu. Dattijon da ke ɗakin ɗaurin a lokacin hannunsa ya fara rawa. Wata rana ya rasa mai riƙe masa ƙafar wani, ya leƙo baranda ya gan ta tana goge-goge.

"Ke 'yata, ajiye wannan ki zo ki riƙe min nan."

Ta riƙe. Da ya miƙa hannu zai ɗauko bandeji daga cikin ruwa, sai ya tarar ta riga ta tsamo shi da hannu guda ta matse shi daidai, bai bushe ba, ba ya kuma ɗiga. Ya dube ta ta saman tabarau.

"A ina kika koyi wannan?"

"A gindin katangar mutane, Baba."

Shi ya tsaya mata tsayin daka har asibitin ya tura ta kwas na shekara ɗaya da rabi. Da ta dawo ya zauna da ita shekara biyu, sannan ya miƙa mata makullin ɗakin ya tafi gida ya huta.

Bakinta ba ya hutawa in tana aiki. Wasu na cewa surutu ne ya yi mata yawa, ita kuwa ta san abin da take yi. Mutumin da ke ba da labari yakan manta da hannunsa, in ya manta sai ya saki jiki, in ya saki jiki sai ɗauri ya zauna. Ta haka ta san garin ba tare da ta yawata shi ba. Ta san unguwar da tsani ya fi kayar da maza, ta san irin tayil ɗin banɗakin da ke karya ƙugun tsofaffi, ta san duk ranar Litinin sai 'yan ƙwallo sun cika mata benci.

Shekaru huɗu ko biyar da suka wuce aka fara ganin wasu 'yan babura na lantarki da ake hawa a tsaye: ɗan allo na ɗora ƙafa, ƙananan tayoyi biyu, da sanda mai hannu biyu. Sikuta ake ce musu. Ba ƙara, ba hayaƙi, mutum ya naɗe abinsa ya shiga da shi ofis. Kafin ta taɓa ganin ɗaya da idonta, ta ga aikinsa. Na farko wani ma'aikacin banki ne, ya zo da laktayi a wuya da wuyan hannu biyu duk a karye. Ta tambaye shi ko daga bene ya faɗo.

"Daga ƙasa na faɗo ƙasa, Anti," in ji shi. "Abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

Daga nan suka yi ta zuwa, ita kuma ta yi ta tambaya, har ta kai ba ta bukatar tambayar. Wata rana aka shigo mata da 'yan mata biyu, ɗaya da karyayyen gwiwar hannu da ɗinki a ƙeya, ɗaya da auduga cike da baki.

"Ku biyu ne a kai, ko?"

"Wa ya gaya miki, Anti?"

"Haƙoran ƙawarki. Ga shaidarsu nan a ƙeyarki. Abin nan na mutum ɗaya ne, 'yata. In kun hau ku biyu birki ba ya jin magana, kuma ta baya ba ta da abin riƙewa sai ke."

Abin da ya ba ta mamaki shi ne, kaɗan ne daga cikinsu mota ta buge. Yawancinsu su kaɗai suka faɗi, da rana tsaka, a titin da suka sani. Wannan ranar farkonsa ke nan da hawa, wancan ya saki hannu ɗaya zai amsa waya, waccan ta rataya jaka a hannun abin sai ya fizge ta gefe. Akwai waɗanda ta ji warin abin da suka sha tun daga bakin ƙofa, waɗannan ba ta ce musu komai sai ranar da suka dawo cire ɗauri da idonsu garau. Takan nuna musu faɗin tayar da tafukanta biyu ta ce, "Ba ta fi faranti ba. Ramin da keke zai tsallake bai ma sani ba, ita sai ta ƙafe a ciki, kai kuma ka ci gaba da tafiya ba ita." Waɗanda suka fi damunta kuwa su ne waɗanda ba sa isowa ɗakinta da ƙafarsu, waɗanda ake wucewa da su sama a kan gado don kansu ne ya fara taɓa ƙasa. A cikin masu zuwa, da wuya ta ga wanda ya sa hular kwano.

Mijinta direban bas ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan babbar motar haya a cikin gari, kuma duk wanda ya zauna da shi rabin awa sai ya ji cewa ko madubi bai taɓa fasawa ba. Gaskiya ce kuma. Mutum ne dogo, mai tsafta, wanda ba ya fita sai da hula, ba ya kuma son a maimaita masa magana. Tun da ya ajiye aiki kowa ya ci gaba da ce masa Direba, ita kuwa Malam take ce masa, shi kuma in yana so ya tsokane ta sai ya ce mata Likita. Ritaya ba ta karɓe shi ba. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, tafiya zuwa bayan tsohon garejin bas, inda tsofaffin abokan aikinsa ke zama, ta fara yi masa nisa, shi kuma ya ce ba zai shiga bas a matsayin fasinja yana kallon yara suna ɓata giya ba. Babban ɗansu, da ke aiki a wani gari, ya ga uban na neman ya zama kujerar falo, sai ya aiko masa da sikuta sabuwa fil a kwali.

Ranar da ta dawo daga aiki ta gan ta jingine a tsakar gida, sai ta ajiye jakarta ta zagaye ta sau ɗaya.

"Ban ce kar ka hau ba, Malam. Amma ka ba ni sati ɗaya kana koyonta a fili, kuma ka sa hula."

"Ga hula a kaina."

"Ka san wadda nake nufi."

"Likita, motar da ke ɗaukar mutum saba'in na ja. Wannan abin wasan yaran ne zai kayar da ni?"

Washegari ta shigo da hular kwano baƙa. Ya sa ta gaban madubi, ya juya dama ya juya hagu, ya ce ya yi kama da wanda tukunya ta faɗo wa a ka. Autarsu, wadda ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin malanta, ta yi dariya har da riƙe ciki. Dariyar nan ce ta kashe maganar. Ya rataye hular a ƙusa bayan ƙofa.

Kwana uku bayan haka, ranar Talata, an yi ɗan yayyafi da sassafe ya ɗauke. Wajen ƙarfe sha ɗaya Anti Siminti tana yanke wa wata tsohuwa ɗaurin ƙafa sai wata nas ta leƙo tana danne murmushi.

"Anti, akwai wani a benci ya ce shi ba ya bin layi, wai shi ne mai mai ɗakin."

Ta kashe zarton ta leƙa. Yana zaune a keken marasa lafiya, hannun dama a rataye, hularsa a kai daram, gaban rigarsa ja wur. Ta ɗauka jini ne, har sai da ta matso ta ga 'ya'yan tumatir manne a aljihunsa.

"Ba jini ba ne," ya ce da sauri. "Cefane ne."

Labarin bai da tsawo. Ya je kasuwa, ya rataya ledar cefane a hannun sikutar, ya kamo gangaren da ke saukowa shataletale. Waya ta yi ƙara a aljihu, ya saki hannu ɗaya, leda ta yi lilo, tayar gaba ta hau murfin ƙarfe na magudanar ruwa da bai bushe ba. Ya damƙe birkin gaba da duk ƙarfinsa, yadda ƙafarsa ta saba yi wa na mota. Sikuta ta tsaya, shi bai tsaya ba. Wani mai tasi ne ya kawo shi. An yi masa hoto, wuyan hannu ya karye, likita ya kashe wurin da allura ya daidaita ƙashin. Saura ɗauri.

Abokin aikinta na ɗakin ya ce, "Anti, ki zauna, ni zan yi masa."

"Hannun nan shekara talatin da ɗaya yana shigo min da cefane. Ba wanda zai ɗaure shi sai ni."

Ta kwantar da shi, ta naɗa auduga, ta tsamo bandeji na farko. Ta yi niyyar ba za ta ce masa komai ba sai sun je gida, don ba ta yi wa mara lafiya faɗa a kan gado. Shi ya fara magana.

"Wa ya kwashe tumatirin nan ne?"

"Mai tasin ya ce wata mai shago ta tattara ta ajiye, da sikutar duka."

"To, madalla."

Ta ci gaba da naɗi, tana lallaɓa simintin da tafin hannu. Ya yi wa abokin aikinta barkwanci a kan yadda matarsa ta daɗe tana neman hanyar ɗaure shi. Aka yi dariya. Can kuma ya juyo.

"Ni kam wa ya kwashe tumatirin?"

"Na gaya maka, mai shago."

"Au, haka ne."

Hannunta bai tsaya ba, don siminti ba ya jira, amma ta daina dariya. Ta gama, ta gyara bakin ɗaurin a gindin yatsu, ta matsa farcensa ta ga jini ya dawo. Tana wanke hannu a famfo ta ji muryarsa a bayanta, a natse, kamar yanzu abin ya faɗo masa.

"Likita, tumatirin nan fa, an bar shi a titi ke nan?"

Ta rufe famfon. Ta zo ta cire masa hula da kanta, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, ta bi kansa da yatsu a hankali. A saman kunnen dama ta ji kumburi mai laushi, ya ɗan janye kai.

"Ka gaya musu ka bugu a kai?"

"Ɗan taɓawa ne kawai."

"Ka gaya musu?"

Ya kau da ido. Ta gane bai faɗa ba, ta kuma san dalili: faɗar hakan daidai yake da ambaton abin da ke rataye a bayan ƙofa.

"Da suka tambaye ka ko kana shan magani, me ka ce?"

"Na ce a'a. Ai ƙwayar safen nan ba ciwo nake sha mata ba."

Ƙwayar safen nan ta tsinka jini ce, likitan zuciya ya ɗora shi a kanta shekara biyu da suka wuce. Anti Siminti ta ce wa abokin aikinta kar ya bar shi ya tashi, ta fita da sauri har takalminta na zamewa.

Likitan da ke aiki ranar sabo ne, wata huɗu da zuwansa, kuma mutum shida ne tsaye a kansa. Ta jira ya ɗaga ido.

"Likita, mai karayar hannun nan da ka turo min yana bukatar hoton kai, yanzu."

"Na tambaye shi, Anti. Ya ce bai bugu ba, kuma yana ta raha da mu."

"Ya ɓoye ne. Akwai kumburi a saman kunne, yana kan maganin tsinka jini, kuma sau uku ya yi min tambaya ɗaya cikin minti goma. Mijina ne. Tun da nake da shi bai taɓa tambayata abu sau biyu ba, sau ɗayan ma da ƙyar."

Likitan ya dube ta daƙiƙa biyu, ya ajiye biro ya bi ta. Kafin su iso Direba ya fara cewa hasken ɗakin yana damunsa, ya kuma yi amai a kan daɓen. Hoton ya nuna jini yana taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Aka ba shi abin da zai karya ƙarfin ƙwayar, aka kira likitan ƙwaƙwalwa, kafin ƙarfe biyu aka tura shi tiyata. Ta bi gadon har inda aka yarda a bi. Ya riƙa kallonta da idanun da suka fara nauyi, sabon simintin na kan ƙirjinsa, ko gama bushewa bai yi ba.

An ba ta kujera a bakin tiyata. Ta zauna minti biyar ta ji ba za ta iya ba. Duk shekarun nan ita ce mai cewa dangin marasa lafiya su kwantar da hankali, yau ta gane maganar ba ta shiga ko'ina. Ta sauko ɗakinta. Mutum huɗu na jira a benci, ta ce a shigo da na farko. Ta ɗaure su duk huɗun, ɗauri mai kyau kuma, amma ba ta tambayi ko ɗaya yadda aka yi ya faɗi ba. Abokin aikinta ya ce daga baya shirun nan ya fi ba shi tsoro a kan komai.

Auta ta iso idanu jajur, tana cewa da ba ta yi dariyar nan ba da ya sa hular. Babban ɗan ya kira, yana cewa shi ya jawo. Ta haɗa su a waya ɗaya.

"Ku saurare ni. Kai kyauta ka yi wa ubanka, ke kuma dariya kika yi a gidanku. Babanku ba yaro ba ne, shi ya zaɓa. In ya tashi ni da shi ne. Yanzu addu'a nake so, ba rabon laifi ba."

Wajen ƙarfe biyar likitan ƙwaƙwalwa ya fito ya ce an kwashe jinin, an kuma zo a kan lokaci. Ya ƙara da cewa da an sallame shi ya tafi gida ya kwanta, da labarin ya sha bamban. A nan ne ta zauna a kan matakala ta yi kukanta, gajere, ta share fuska da gefen mayafi.

Da safe ya buɗe ido ya gan ta a gefen gado. Ya daɗe yana kallonta.

"Kar ki ce komai."

"Ban ce ba."

"Fuskarki tana cewa."

"Fuskata ba ta ƙarƙashin ikonka, Malam."

Ya yi ƙoƙarin dariya, kai ya hana.

Warkewar ba ta zo da sauƙi ba. Kwana tara ya yi a asibiti, ya dawo gida da rabin kai a aske da jiri in ya miƙe. Kalma takan ɓace masa a tsakiyar magana, sai ya fusata ya yi shiru yini guda. Ya ƙi zuwa wurin abokansa, da suka zo dubiya ya ce a ce yana barci. Da hagu yake cin abinci, yana zubarwa, ba ya kuma yarda a taimake shi. Ta bar shi. Ta san karayar da ke ciwo ba wadda ta ɗaure ba ce. Sai wata ranar Lahadi da la'asar, suna zaune a tsakar gida tana tsince wake, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Shekara talatin da huɗu ban ƙwarzani kowa ba. A ce abin da bai kai tayar bas nauyi ba shi ya kai ni ƙasa."

"A bas ƙarfe ne ya kewaye ka," ta ce. "A kan wannan kuwa goshinka ne gaban mota. Kuma bas ɗin ma ai ba ranar da ka gan shi ka ja shi ba."

"Wata shida na yi ina bin wani kafin a ba ni sitiyari."

"To."

Can ya ce, "Ina sikutar take?"

Yaran sun so a rabu da sikutar tun yana asibiti, ita ta hana, ta ce mai abu ne zai yanke hukunci. Auta ta turo ta daga ɗakin ajiya. Ya sa aka kifar da ita, ya juya tayar da hannun hagu, ya matsa birki ya saki, ya auna tsayin allon daga ƙasa da yatsu. Kwana biyu bayan haka ya sa Auta ta raka shi wurin wani mai gyaran irinsu, ya zauna a kan benci yini guda yana tambaya, kamar sabon ɗalibi. Ya dawo yana magana fiye da yadda ya yi a wata guda.

"Kin san ba a haɗa ƙafa wuri ɗaya? Ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a sake. In za ka tsaya sai ka mai da nauyinka baya kamar za ka zauna, sannan ka ja birki a hankali. Ni tsaye na yi ƙiƙam kamar soja. Ba wanda ke gaya wa mutane wannan. A miƙa maka kwali kawai a ce Allah ya kiyaye hanya."

Likitansa ya hana shi sake hawa, saboda ƙwayar da dole ya koma sha. Ya karɓi hukuncin ba musu, abin da ya ba kowa mamaki. Amma ranar da ta yanke masa simintin, yana kallon siririn hannunsa da ya yi fari, ya ce, "Waɗannan da kike cire wa ɗauri, suna komawa kan sikuta?"

"Kusan duka. Da ita suke zuwa aiki."

"Ki riƙa turo min su."

Bayan tsohon garejin akwai fili mai kwalta da ba a amfani da shi. Ya nemi izini aka ba shi safiyar Asabar. Ya zana layuka da alli, ya jera jarkokin mai da ba komai ciki, ya samo guntun katako ya ajiye a matsayin bakin rami, ya zuba ruwa a wani gefe don mutum ya ji yadda taya ke yi a kan santsi. Abokansa tsofaffin direbobi, da suka gaji da zama, suka zama alƙalai. Dokarsa ba ta da sassauci: wanda ya zo ba hular kwano zai yi kallo ne kawai, waya kuma a cikin wata tasa ake ajiye ta a bakin fili. In wani ya fara gardama, sai ya cire hularsa ya sunkuyo ya nuna masa tabon ɗinkin, daga saman kunne har tsakiyar kai. Gardamar ba ta wuce nan.

Ita kuma a ɗakinta, in ta gama yanke ɗauri, takan ce, "Na san za ka koma kai, kar ka yi min rantsuwa. Je ka wurin mijina ranar Asabar tukuna. Faɗa gare shi, amma ya san hanya." Wasu na zuwa, wasu ba sa zuwa. Ba ta taɓa cewa benci ya ragu ba, don bai ragu ba, garin ƙara cika yake da abin. Abin da take cewa shi ne, a cikin waɗanda suka je filin, mutum biyu ne kawai suka sake dawo mata, ɗayan ma daga kan tsani ya faɗo.

Sikutar gidan ba ta zauna a banza ba. Wata Asabar Anti Siminti ta bayyana a filin da wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta ce ta gaji da jiran bas kullum da safe. Tsofaffin direbobi suka gyara zama. Direba ya dube ta sama da ƙasa, ya ce a nan ba matar kowa, ɗaliba ce kamar kowa, ta shiga layi. Ta shiga. Sati uku tana zagaye jarkoki yana binta da "gwiwa, gwiwa, saki gwiwar nan," tana ce masa ta ji, ba kurma ba ce. Ranar gwaji ya kayar da ita, ya ce ta waiwaya ba ta rage gudu ba. Sati na gaba ya sake kayar da ita. Sai a karo na uku ya gyaɗa kai, ya ce za ta iya shiga titi, ban da gangaren shataletale in an yi ruwa.

Yanzu da ita take zuwa aiki, a hankali, jakarta goye a baya, masu keke ma wuce ta suke yi ba ta damu ba. Maganar faɗuwarta ta biyu a gwaji ce dai har yau ba su daidaita ba. Ita ta ce da gangan ya yi don abokansa su gani. Shi ya ce tayarta ta taka layi, kuma yana da shaidu huɗu.